Ɗaki mai baranda a jirgin ruwa: ya cancanci ƙarin dala 1,000?

Maryam, Tudun Wada: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Mu 'ya'yan gidanmu mun haɗa kuɗi za mu kai Baba da Inna Umra a watan Janairu, kuma tun da Baba ya ajiye aikin koyarwa bai taɓa samun hutu na sosai ba, muka ga ya dace a ƙara musu da tafiyar mako guda a jirgin da ke tashi daga Jidda ya zaga arewacin Bahar Maliya, ya tsaya a Masar da Jodan, sannan ya dawo. Wakilin da muke hulɗa da shi ya turo mana farashi iri uku, kowanne a kan mutum ɗaya: ɗakin ciki marar taga dala 900, mai taga dala 1,100, mai baranda kuma dala 1,400. Ke nan idan aka haɗa su biyun, tsakanin na ciki da mai baranda akwai dala 1,000, abin da ya kusa naira miliyan ɗaya da rabi. Kan yayyena ya rabu, wasu na cewa tun da an yi niyya a yi ta gaba ɗaya, wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce. Inna tana fama da ciwon gwiwa, kuma ba ta son shiga taro.

Baffa Sale, Jekadafari: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa naku su yi muku fiye da haka. Ni aikin lissafi na yi har na tsufa, don haka da alƙalami zan fara. Dala 1,000 a raba ta gida bakwai, kowane dare ya tashi wajen dala 143, kuma abin da ake saya da ita shi ne ɗan fili da bai wuce murabba'in mita 4 ko 5 ba, da kujeru biyu da ƙaramin tebur. Abincin da za a ba mai baranda shi za a ba mai ɗakin ciki, tasoshin da za a tsaya ɗaya ne, kuma saman jirgi a buɗe yake ga kowa, duk mai son kallon teku ya hau ya kalla ba tare da an karɓi ko kwabo a hannunsa ba. Wannan kuɗin kuwa zai iya matso da su daga masaukin da sai an shiga mota zuwa wanda ke dab da Harami, kuma ga mai ciwon gwiwa wannan shi ne hutun da za ta ji a jikinta sau biyar a rana. Ni dai in da nawa ne, na ciki zan kama, ragowar in zuba a Makka.

Hajiya Binta, Bolari: Baffa, lissafinku ya fita, sai dai lissafin namiji ne. Ni na shiga irin wannan jirgi daga Dubai, wanda ke zagayawa Doha da Abu Dhabi, tare da maigidana, kuma abin da na gani shi ne saman jirgin da kuke cewa kyauta ne ba kowa yake iya zama a cikinsa ba. Can ne wurin wanka yake, can ake kiɗa, can yara ke guje-guje, kuma da hantsi samun kujera a inuwa sai an yi sa'a. Maigidana ya fita tun safe ya yi ta yawo yana sabon abokai, ni kuwa mafi yawan yinina a ɗaki ya ƙare. Macen da ta tashi a gidan Hausa ko na Fulani ba ta saba da zama cikin ɗaki rufe ba, rayuwarta a tsakar gida take, inda sama a buɗe take amma ido ba ya kai wa gare ta. Barandar nan ita ce ta zame mini tsakar gida. Nan nake shan shayi bayan asuba, nan nake lazimi da la'asar. Saboda haka tambayar da za ki yi, Maryam, ba ta kuɗi ba ce kaɗai, ki tambayi kanki wane ne a cikin su biyun zai fi daɗewa a ɗakin, kuma kin riga kin ba mu amsa da kika ce Inna ba ta son taro.

Injiniya Habu, Bajoga: Malama Maryam, kafin in sa baki, wane jirgi ne? Ina zaton Aroya ne, tun da daga Jidda kika ce.

Maryam, Tudun Wada: Shi ne, Hamma Habu.

Injiniya Habu, Bajoga: To madalla. Ni a jiragen dakon kaya na yi aiki, a ɗakin inji, amma yadda ruwa yake wasa da ƙarfe iri ɗaya ne a kowane jirgi. Wannan jirgi na kamfanin Cruise Saudi ne, ya fara ɗaukar fasinja da wannan suna a watan Disamba na 2024, amma an ƙera shi ne a Jamus a 2017, yana amsa sunan World Dream. Tsawonsa ya kai mita 335, yana kuma ɗaukar fasinja sama da 3,300. Ba a sayar da giya a cikinsa, ba a caca, kuma akwai wuraren salla, don haka ƙorafin Hajiya Binta game da saman jirgi zai ɗan yi sauƙi a nan, ko da yake cunkoso yana nan.

Abin da nake so ku fara dubawa shi ne hanyar. Baranda tana biyan kuɗinta ne a inda akwai abin kallo, shi ya sa masu zuwa gaɓar Norwe ko Alaska, inda jirgi ke ratsa tsakanin duwatsu da ƙanƙara yini guda, suke rububinta. Tsakiyar Bahar Maliya kuwa ruwa ne da sama, domin faɗinsa a wasu wurare ya haura kilomita 300, ba a hango gaɓa ko ta wane gefe. Inda ido zai sha kallo shi ne daga mashigin Tiran zuwa garin Aƙaba na Jodan, wato wani siririn reshen teku mai tsawon kimanin kilomita 160 wanda faɗinsa bai fi kilomita 24 ba, duwatsun Sina'i na yamma, na Saudiyya na gabas. Sai ku tambaya ko da rana ake ratsa wurin ko da dare, domin jiragen nan sun fi yin tafiya da dare su wayi gari a tasha. Idan da dare ne, mafi kyawun abin da ake sayen baranda dominsa ya wuce suna barci.

Sai maganar iska. A arewacin Bahar Maliya iska ta fi kaɗawa daga arewa kusan duk shekara. Jirgin da ya nufi arewa yana gudun da ya kai kilomita 35 a awa yana karo da ita ne gaba da gaba, sai ƙarfinta ya haɗu da gudunsa, har mayafi ba ya tsayawa a kai. A dawowa, lokacin da iskar ke bin bayansa, barandar ta fi daɗin zama ƙwarai. A watan Janairu kuma dare a Aƙaba yana sauka zuwa wajen digiri 10, saboda haka a tafi da rigar sanyi. Amma in da a ce tafiyar a watan Yuli ce, da ban bari kun ɓata lokaci ba, domin zafin Jidda da gumin teku a lokacin ba sa barin mutum ya zauna waje.

Hajiya, ina ɗan gyara a maganar sirri. Baranda ba ta kai tsakar gida ɓuya ba. Akwai allo tsakaninki da maƙwabta, amma wanda ya leƙo ta bakin shinge zai gan ki, shingen gaban yawanci gilashi ne, akwai kyamarori a jikin jirgi, kuma idan an tsaya a tasha wani jirgin zai iya tsayawa dab da ku, barandarsa na kallon taku. A wasu jiragen ma benayen ƙasa sun fi na sama fitowa, sai na sama su riƙa hango na ƙasa daga kai har ƙafa.

Hajiya Binta, Bolari: Gaskiya ne Injiniya, kuma ban ce a zauna babu ɗankwali ba. Amma akwai bambanci tsakanin a ce wani zai iya leƙo ki, da a ce kina zaune cikin mutum ɗari biyu kowa na wucewa ta gabanki.

Malam Yahuza, Pantami: Assalamu alaikum. Tun da an ambaci ɓarnar kuɗi, bari in ce wani abu a kai. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i, kuma a Suratul Furƙan, aya ta 67, ya yabi waɗanda idan za su ciyar ba sa wuce iyaka kuma ba sa ƙuntatawa. Malamai suna auna wannan da halin mai ciyarwa da kuma abin da aka ciyar dominsa. Wanda zai ci bashi ko ya tauye kuɗin makarantar 'ya'yansa don a ce iyayensa sun kwana a ɗaki mai baranda, wannan ya wuce iyaka. Wanda kuma Allah Ya hore masa, ya sayi sauƙi ga mahaifiyarsa mai rauni, yana cikin kyautata wa iyaye. Saboda haka, 'yata, ku fara duba aljihun mafi ƙarancin ƙarfi a cikinku, kada kunya ta sa wani ya amsa abin da zai dame shi daga baya.

Akwai kuma batun salla, wanda ban ji an taɓo ba. A ɗakin da ba taga mutum ba ya sanin ketowar alfijir ko faɗuwar rana sai ta agogo, kuma agogon waya yana iya rikicewa a wannan hanyar, domin a lokacin sanyi Masar tana bayan Saudiyya da awa ɗaya, Jodan kuwa lokacinta ɗaya da na Saudiyya. Da zarar waya ta kama layin Masar sai ta juya da kanta. Dattijon da ya saba duba sama kafin ya tayar da salla zai fi samun natsuwa idan yana ganin waje. Alƙibla ma tana sauyawa da juyawar jirgi: idan ya nufi arewa daga Jidda, Makka tana komawa bayansa, idan ya juyo kuma tana gabansa, kuma wanda ke ganin inda rana take ya fi saurin gane hakan. Sai dai taga ma ta wadatar a wannan, ba sai baranda ba.

Auwal, Kumo: Abin da nake ta jira a faɗa ke nan, Malam. Kowa ya tsaya a kan na ciki da mai baranda, an bar na tsakiya. Mai taga ƙarin dala 400 ne kawai a kan su biyun, ga haske, ga kallon teku, ga sanin lokacin salla, kuma dala 600 ta rage a hannu a kai Makka kamar yadda Baffa yake so. Adda Maryam, ni ban ga abin da ya rage na jayayya ba.

Injiniya Habu, Bajoga: Auwal ya kawo magana, amma a sani cewa tagar jirgi ba ta buɗewa, gilashi ne mai kauri da aka liƙe, haske kawai yake bayarwa ban da iska. A gefe guda kuma ɗakuna masu taga sun fi yawa a benayen ƙasa, kuma ƙasa ta fi sama kwanciyar hankali idan teku ta motsa. Jirgi yana jujjuyawa iri biyu, hagu da dama, da kuma gaba da baya. Manyan jirage suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage na hagu da dama, amma ba sa hana goshi da gindin jirgi ɗagawa da sauka. Wurin da ya fi tsayawa cik shi ne tsakiya, kuma ƙasa-ƙasa. Ɗaki mai baranda a can sama kusa da goshi zai fi wahalar da tsohuwa fiye da ɗakin ciki da ke tsakiya, ko da ya ninka shi kuɗi.

Sista Ladi, Kaltungo: Ina gaishe ku duka. Ni ta fuskar jinya zan duba. Jiri da tashin zuciyar da ake yi a jirgi suna zuwa ne idan cikin kunne, wanda shi ke kula da daidaiton jiki, yana jin motsi, ido kuma yana ganin bango a tsaye, sai saƙonnin biyu su saɓa a ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi saurin kwantar da shi shi ne mutum ya kafa ido a can inda sama ta haɗu da ruwa, ya kuma shaƙi iska. Taga tana ba da na farko, baranda tana ba da duka biyun, ɗakin ciki kuwa ba ya ba da ko ɗaya. Akwai magunguna, amma mafi yawansu suna kawo barci da kasala, kuma ga tsofaffi masu shan maganin hawan jini ko na suga sai likitansu ya duba kafin a saya. Citta tana taimaka wa wasu.

Abin da ya fi damuna shi ne gwiwar Mama. An ce jirgin mita 335 ne, wato idan ɗakinsu yana ƙarshe ɗaya, wurin da take son zuwa yana ɗaya ƙarshen, zuwa da dawowa ta yi fiye da rabin kilomita. Cewa ta hau sama ta sha iska kyauta abu ne mai sauƙin faɗi ga mai lafiyar ƙafa. A nemi ɗaki kusa da na'urar hawa bene, a kuma tambayi tsayin dokin ƙofar banɗaki da na baranda, domin yawanci suna da ɗan tudu, ƙofar barandar kuma tana da nauyi.

Na ƙarshe, idan fasinja ya kamu da amai da gudawa a jirgi, akan umarce shi ya zauna a ɗakinsa kwana ɗaya ko biyu don kada ya yaɗa. Mun kuma ga abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a watan Fabrairu na 2020, lokacin da aka killace shi a Yokohama ta Japan da mutum kusan 3,700 a ciki, sama da 700 suka kamu da korona. Waɗanda ke ɗakunan ciki sai da aka riƙa fito da su rukuni-rukuni na ɗan lokaci don su ga rana.

Baffa Sale, Jekadafari: Sista, maganar gwiwa na karɓa, ta fi duk abin da aka faɗa nauyi a wurina. Amma ta Japan ban karɓa ba. Ba a sayen ɗaki saboda annobar da ta zo wa duniya gaba ɗaya, in ba haka ba sai a fasa tafiyar kawai. Kuma ina tuna wa jama'a cewa kakanninmu sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekara da shekaru suna tafe suna aikatau, suka isa Sawakin suka tsallaka wannan tekun dai zuwa Jidda a jiragen da ko rufin kirki ba su da shi. Ba ina cewa a koma wa wahala ba ne, ina cewa ne kada mu mayar da abin marmari ya zama larura. Sannan Maryam, farashin da aka turo miki, kin tabbata shi ke nan? Kamfanonin nan da yawa suna da kuɗin hidima da ake lissafa wa kowane fasinja kullum, ga harajin tasha, ga kuɗin intanet, ga na fita yawo a kowane gari, ga inshorar lafiya, wadda ga masu shekaru ba a wasa da ita domin ganin likita a jirgi da kuɗi ne, kuma ba kaɗan ba. Ki sa a rubuto miki abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, sannan ku ga ko dala 1,000 ɗin ma tana nan.

Alhaji Ɗanjuma, Herwagana: Ni sana'ata jigilar masu Umra ce, kuma akwai abin da ya riga baranda. Jirgin zai fita daga Saudiyya ya shiga wasu ƙasashe ya dawo, don haka dole bizar da ke hannunsu ta ba da damar fita da sake shiga, in ba haka ba matsalar tun a bakin jirgi za ta fara. Haka kuma mai fasfon Najeriya sai ya bincika sharuɗɗan sauka a Masar da Jodan tun daga gida, kuma a samu amsar a rubuce daga kamfanin jirgin, ba da baki daga wakili ba. Wannan yana da alaƙa da tambayarki kai tsaye. Idan za su riƙa sauka kullum tun safe su dawo da magariba, ɗaki wurin kwana ne kawai, Baffa ya yi gaskiya. Idan kuwa ba za su sauka ba, ko don takarda ko don ƙafa, to mako guda cur za su yi a cikin jirgi, Hajiya Binta ta yi gaskiya. Ki duba kuma irin yawon da ake yi. Daga Aƙaba ana zuwa tsohon birnin Petra, tafiyar kusan awa biyu a mota, kuma kafin a kai ga ginin da aka sassaƙa a jikin dutse sai an taka fiye da kilomita ɗaya ta wani tsukukun kwazazzabo. Daga Sharm el-Sheikh ta Masar ana zuwa wajen Dutsen Sina'i, wanda ya fi wannan nisa. Ban ga mai ciwon gwiwa a ko ɗaya ba.

Maryam, Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na kira gida na karanta musu abin da aka rubuta. Baba ya ce shi ko a ina aka ajiye shi zai yi barci, kuma yana son ya ga Petra domin ya koyar da labarinta a aji. Inna ta ce ita ba inda za ta, a bar ta a jirgi da carbinta, tambayarta ɗaya ita ce ko akwai inda za ta zauna ta miƙe ƙafa ba a cikin mutane ba. A takardar da aka turo akwai yini biyu da jirgin ba ya tsayawa ko'ina, sauran kuma Baba zai fita ya bar ta. Mun yi magana da yayyena, babban yayanmu da mai bi masa sun ce su za su ɗauki ƙarin su kaɗai, ba za a raba wa ƙanana ba, kuma ba za a taɓa kuɗin masaukin Makka ba. Don haka mun karkata ga mai baranda, da sharaɗin maganar biza ta fita yadda Alhaji ya ce.

Auwal, Kumo: To ni dai har yanzu ina ganin mai taga ya isa, amma tun da masu biya sun yarda, Allah Ya sa alheri.

Hajiya Binta, Bolari: Madalla. Sai ki gaya wa Inna tun yanzu ta bar kasko da turaren wuta a gida, domin za a karɓe su a bakin shiga, haka ma dutsen guga. Kuma ba a shanya a baranda. Na san tana ganin shingen nan za ta ce ga wurin shanya hijabi ya samu. A cikin banɗaki akan sami igiya.

Injiniya Habu, Bajoga: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma akwai dalili. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi a barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess yana kan hanyar Jamaika, ta bi barandu ta ci ɗakuna masu yawa, fasinja ɗaya ya rasu, masu bincike kuma suka fi zargin guntun taba da aka yar. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar kayan da ake yin barandu da su, kamfanoni da yawa kuma suka hana shan taba a can. A gaya musu kuma kada su bar ƙofar baranda a buɗe, domin a jirage da yawa na'urar sanyaya ɗaki tana tsayawa da zarar an buɗe ta, kuma idan aka buɗe ƙofar shiga a lokaci guda iska tana iya bugo ta da ƙarfin da zai ji wa yatsa ciwo.

Yanzu saura abu ɗaya, kuma a nan ne ake yawan yin asara. Akwai farashin da ake ce wa mutum an ba shi mai baranda amma kamfani ne zai zaɓa masa ɗakin daga baya. Ya fi araha, sai dai da shi ake cike ɗakunan da aka ƙi, wato na can goshi, ko waɗanda kwale-kwalen ceto suka tare musu gaba. Ki tambayi wakilin ko dala 1,400 ɗin ta zaɓin ɗaki ce, ya ba ki lamba, ki turo mini da taswirar benayen.

Maryam, Tudun Wada: Hamma Habu, ya ce ta zaɓi ce, ya kuma ba da lambobi biyu, na tura muku ta waya tare da taswirar.

Injiniya Habu, Bajoga: Na duba. Na farkon yana tsakiya, amma a bene na ƙarshe na ɗakuna yake, wurin cin abinci na samansa, tun kafin asuba za a fara jan kujeru da tura amalanken kwanuka a kansu. Na biyun ya fi ƙasa, ɗakunan kwana ne a samansa da ƙasansa, ƙofa biyar ce tsakaninsa da na'urar hawa, kuma ba kwale-kwale a gabansa. Yana ɓangaren dama, don haka a tafiya arewa gabas yake kallo, rana za ta same su da safe, da la'asar kuma suna cikin inuwa, a dawowa sai abin ya juya. Na biyun za ku kama, amma kada ku biya sai ya rubuto muku ranar ƙarshe da za a iya fasawa a mayar da kuɗi, saboda maganar bizar ba ta kammala ba.

Baffa Sale, Jekadafari: Kuma a rubuta lambar ɗakin a jikin rasit ɗin, 'yata, ba a saƙon waya ba.